Yaushe mace za ta tabbatar al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya?

Maman Sadiya, Garwa

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena da ƙannena, tare da neman afuwa a kan tambayar da zan yi, domin magana ce da aka saba yin ta a ƙuryar ɗaki, amma na rasa wanda zai ba ni amsar da hankalina zai kwanta da ita.

Shekarata 51, 'ya'yana bakwai, autata tana da shekara goma. Tun ina da shekara 47 al'adata ta fara rikicewa, wani lokaci ta zo bayan kwana ashirin, wani lokaci ta tsallake wata biyu ko uku, idan kuma ta zo sai ta zo da yawan da zai hana ni fita ko maƙwabta. Daga baya ta ɗauke wata goma cur, har na daina sayen auduga, na ce an gama. Sai ga ta mako ɗaya bayan Babbar Sallar da ta wuce, ta yi kwana huɗu ta tafi. Yanzu ga shi Sha'aban ya kusa ƙarewa, wata takwas ke nan ban sake ganin komai ba.

Ban da wannan, akwai wani zafi da yake taso mini daga ƙirji zuwa wuya da fuska, zufa ta karyo mini har ta jiƙa zane, bayan 'yan mintoci kuma ya lafa in koma jin sanyi. Da bazara ban ɗauke shi a bakin komai ba, tun da babu wanda ba ya zufa a Garwa a watan Afrilu, amma da hunturun bana ya shigo, kowa yana neman bargo ni ina yaye nawa cikin dare, sai na gane abin daga jikina yake. Goggona ta ce muddin zufar nan ba ta tsaya ba to jinin bai ƙare ba, ya taru ne yana hawa kai, har ta kawo mini jiƙon da zai sauko da shi. Wata maƙwabciyata kuma ta ce in bincika kada ya zama kwantaccen ciki ne.

Abin da nake son sani shi ne, wace alama ce mace za ta gani ta tabbatar ta gama? Zan haɗa wata goman farko da takwas ɗin nan in ce na wuce shekara, ko kuwa kwana huɗun nan sun rushe lissafin? Har yanzu zan iya ɗaukar ciki? Ga azumi kuma ya ƙarato, idan jinin ya sake ɓullowa a cikinsa ban san matsayinsa ba.

Ungozoma, Marwa

Wa alaikumus salam, Yaya Maman Sadiya. Na daɗe ina aikin ungozoma, kuma wannan tambaya tana cikin waɗanda mata suke ajiyewa sai an gama awon 'yarsu ko surukarsu, ana shirin fita, sannan su dawo da baya su yi ta da ƙaramar murya.

Babu wata alama da mace za ta gani a ranar da al'ada ta yi mata zuwan ƙarshe. Ana gane wannan rana ne bayan ta wuce da daɗewa, ta hanyar lissafi: idan mace ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba ta da ciki, ba ta shayarwa, ba ta kuma kan wani magani da yake tsayar da jini, to a nan ne ake cewa al'ada ta ɗauke, abin da likitocinmu masu Faransanci suke kira menopoz. Kalmar da ta fi nauyi a nan ita ce a jere. Kwana huɗun da kika gani bayan Babbar Sallah sun mayar da lissafinki farko, don haka wata takwas kike da shi, saura huɗu. Na san ba za ki so jin haka ba bayan kin jira wata goma, amma abin da ya same ki ba baƙo ba ne ko kaɗan.

Dalilinsa kuwa shi ne, a gefen mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, kuma 'ya mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, kimanin miliyan 1 zuwa 2, suna raguwa tun daga ƙuruciya har ya zama saura kimanin 1,000 a lokacin da al'ada za ta ɗauke. Wannan ma'ajiya ce take samar da sinadarin estrojin da furojestaron, masu gina shimfiɗar cikin mahaifa su kuma zubar da ita kowane wata. Idan ƙwai ya yi ƙaranci, ma'ajiyar ba ta mutuwa a dare ɗaya. Takan yi kamar fitilar da kananzirinta ya kusa ƙarewa, ta dushe har a ce ta mutu, sai kuma ta sake kamawa. Wannan lokaci na rikicewa yakan ɗauki kimanin shekara huɗu, wasu matan har takwas ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'ada tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55, don haka ke kina tsakiyar hanya daidai. Wadda tata ta tsaya kafin shekara 40 ita ce take bukatar bincike na musamman, kada ta zauna tana jira.

Game da maganar Goggo, ina girmama ta, amma zufa da jini kowa lissafinsa daban. Zafin nan yana faruwa ne saboda raguwar estrojin tana rikita sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki, sai ya ɗauka jiki ya yi zafi fiye da kima, ya buɗe hanyoyin jini na fata, ya saki zufa. Babu wani jini da ya taru yake hawa kai, domin idan sinadaran sun ragu shimfiɗar mahaifar ma ba ta ginuwa, balle a sami abin da zai taru. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa ga matan da zafin yake yawan taso musu, matsakaicin tsawonsa shekara 7.4 ne, ga baƙaƙen fata daga cikinsu har shekara 10.1, kuma yakan ci gaba kimanin shekara 4.5 bayan jinin ƙarshe. Ke nan mace tana iya gama al'ada sarai alhali zufa ba ta rabu da ita ba, wata kuma ta gama ba ta taɓa sanin zufar ba. Ina roƙonki ki ajiye jiƙon nan. Ko da ya sa kin ga jini, bai dawo miki da komai ba, sai dai ya ɓata miki lissafi, ya kuma ɓoye abin da ya kamata a gani.

Sai dai ba kowace zufar dare ake jingina wa shekaru ba. Idan ta haɗu da tarin da ya wuce mako biyu da rama, a yi gwajin tarin fuka. Idan da zazzaɓi take zuwa, a duba na cizon sauro. Idan kuma akwai bugun zuciya da rawar hannu da rama alhali ana cin abinci sosai, a duba maƙoƙo.

Batun ciki kuwa, i, yana yiwuwa, ko da yake a shekara 51 abu ne mai wuya ƙwarai. Muddin jini yana dawowa jefi-jefi, to ƙwai ma yana iya fita jefi-jefi. Ƙa'idar da ake bi ita ce, wadda ta haura shekara 50 ta ci gaba da kariya har shekara ɗaya bayan jinin ƙarshe, wadda ba ta kai 50 ba kuma shekara biyu. Maganar kwantaccen ciki kuma, gwajin fitsari na 'yan mintoci ya isa ya raba gardama, kuma da shi nake farawa ga duk matar da ta zo mini da ɗaukewar al'ada, ko da tana da jikoki. Na sha ganin matar da take lissafin kwantaccen ciki shekara biyu, da aka yi hoto aka tarar ƙari ne a mahaifa.

Hajiya Babba, Kuseri

Salamu alaikum. 'Yata Maman Sadiya, Allah ya ƙara lafiya. Ungozoma ta yi bayanin abin da yake gabanin cikar shekara, ni kuma zan faɗi abin da ya same ni bayan cikarta, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Tawa ta ɗauke ina da shekara 53. Na yi shekara biyu da wata biyar ban ga komai ba, sai wata safiya na ga ɗigon jini mai duhu, ba shi da yawa kuma babu ciwo. Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji a raina, na ɗauka ƙuruciya ce ta waiwayo ni, har na ajiye salla kwana uku. Bayan makonni ya sake zuwa, ya kuma sake. Na aika wani kantin magani aka haɗo mini allurar tsayar da jini ba tare da an tambayi shekaruna ba, jinin ya tsaya, na ce na warke. Wata huɗu na yi a haka ban gaya wa kowa ba, sai da 'yata da take aure a Njamena ta zo ta ga alamar a wanki, ta tsare ni da tambaya. Washegari muka ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena don ganin likita.

Likitar da ta duba ni ta ce mini jinin da ya zo bayan an cika shekara, ko ɗigo ɗaya ne, ba a kiran sa al'ada a wurinsu sai an bincika. Ta ce mafi yawan lokuta sanadinsa mai sauƙi ne, fatar gaba ko ta cikin mahaifa ce ta yi siriri take tsagewa, amma kimanin mace ɗaya cikin goma masu irin wannan jini ana samun sankarar mahaifa, kuma ita wannan cuta idan aka kama ta da wuri ana warkewa. Aka yi mini ekografi, wato hoton ciki, don a auna kaurin shimfiɗar mahaifa. Ta ce da bai wuce milimita 4 ba da hankalinta ya kwanta, amma nawa ya wuce, sai aka ɗebi kaɗan aka kai gwaji. Makonnin da na yi ina jiran sakamakon nan ban taɓa yin masu tsawonsu ba. Allah ya taimake ni, wani ɗan tsiro ne marar illa, aka cire shi, yau shekara huɗu ban sake ganin komai ba. Amma a bencin da muke jira na zauna kusa da wata baiwar Allah da ta yi shekara biyu tana ganin irin wannan jini tana cewa al'ada ce ta dawo, ita nata labarin bai zo da sauƙi ba.

Don haka idan Allah ya sa kin cika wata goma sha biyun nan, ki riƙe ranar da kyau, domin daga ita ne hukuncin kowane jini yake sauyawa.

Malama Ummu Abdullahi, Ngaundare

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Zan taɓa ɓangaren ibada gwargwadon abin da muka karanta a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawanmu muke bi a wannan yanki.

Malamanmu sun raba shekarun mace game da jini. Har zuwa shekara 50, jinin da ya fito da kansa ta hanyar da aka saba haila ne. Daga 50 zuwa 70, ana komawa ga mata masu sani da gogewa a tambaye su, idan suka ce haila ce, ko suka yi kokwanto, ana ɗaukar sa haila, idan kuma suka tabbatar ba ita ba ce, to jinin ciwo ne. Bayan 70 ba a ɗaukar sa haila. Ke Maman Sadiya kin shiga kashi na biyu, musamman da yake da shekarun Hijira ake lissafi, waɗanda suka fi na Miladiyya gajarta. Idan jini ya zo miki a cikin Ramadan da launi da yanayin da kika saba, a matsayinki na wadda al'adarta ba ta daɗe da yankewa ba, za ki ajiye salla da azumi, ki yi wanka idan ya ɗauke, ki rama azumin, ba ki rama salla. Idan ya zarce kwanakin da kika saba, za ki ƙara kwana uku, matuƙar jimillar ba ta wuce kwana 15 ba, abin da ya biyo baya kuma istihala ce, wato jinin ciwo, mai ita tana salla tana azumi. Kada tsoron dawowarsa ya sa ki shiga azumi da ɗar-ɗar, domin mace tana kan tsarkinta har sai ta ga jini da idonta.

A ganina, ungozoma da likitar mata sun fi kowa shiga cikin matan nan masu sani da aka ce a tambaya, tun da suna da hanyar ganin abin da ido ba ya gani. Labarin Hajiya Babba ya nuna haka, ta ajiye salla a kan jinin da daga baya aka gano na tsiro ne. Ba ta da laifi tun da ba ta sani ba, amma tambaya da wuri da ta amfane ta a addini da lafiya gaba ɗaya.

Akwai kuma batun idda, wanda ake yawan kuskure a kansa. Aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta sanya iddar matar da ta ɗebe tsammanin haila wata uku. Amma wadda aka saka tana cikin shekarun rikicewa, jini ya ɗauke mata ba a san dalili ba, ba ta shiga wannan hukunci kai tsaye. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hukuncin Sayyidina Umar cewa za ta jira wata tara, idan ciki bai bayyana ba ta ƙara wata uku, shekara guda ke nan. Da na karanta wata 12 na ungozoma sai wannan ya faɗo mini a rai, ko da yake kowane lissafi da manufarsa, ba na cewa abu ɗaya ne. Takabar wadda ta ɗebe tsammanin haila kuwa ba ta sauyawa, wata huɗu da kwana goma ne.

Maman Sadiya, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, labarinki ya taɓa ni, Allah ya ƙara miki lafiya, ita ma waccan baiwar Allah ya ba ta sauƙi. Na yi gwajin fitsarin jiya, babu ciki, jiƙon Goggo kuma na ajiye shi a inda ba za ta gani ta ji haushi ba.

Saura abu biyu, Malama ungozoma. 'Yar yayata da take karatu a Yawunde ta ce akwai gwajin jini da ake kira FSH, wanda zai nuna mini ko na gama ba sai na jira wata huɗu ba, shin ya dace in kashe kuɗi a kansa? Na biyu, ƙanwata tana da shekara 46, tana yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku, kuma ta fi shekara biyu ba ta ga jini ba. Ita tana cewa ta riga ni gamawa. Haka ne?

Ungozoma, Marwa

Yaya, ki riƙe kuɗinki. FSH sinadari ne da ƙwaƙwalwa take aikawa don ta zaburar da ma'ajiyar ƙwai, kuma idan ma'ajiyar ta yi rauni sai ya hau sama, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ba a buɗe ba yana ƙara ƙarfi. Matsalar ita ce a shekarun rikicewa yana hawa yana sauka, a auna yau a gan shi sama, a sake aunawa bayan wata biyu a tarar ya sauko. Shi ya sa ga matar da ta wuce 45, mai alamomi irin naki, ba a dogara da shi. Yana da amfani ga wadda al'adarta ta tsaya da wuri, ko kuma wani lokaci ga wadda aka cire wa mahaifa aka bar mata ma'ajiyar ƙwai, tun da ita ba ta da jinin da za ta yi lissafi da shi.

Ƙanwarki kuwa ba ta da hujja tukuna. Allurar wata uku takan tsayar da jini ga mata da yawa ko da suna da shekara 25, haka ma ashanar da ake sa wa a dantse takan yi wa wasu. Lissafin wata 12 ba ya aiki ga wadda take kan waɗannan. Kada ta daina allurar da kanta bisa zaton ta gama, ta je inda ake yi mata ta faɗi shekarunta, domin idan mace ta doshi 50 akan so a sauya mata wata hanyar, saboda allurar tana rage ƙarfin ƙashi a daidai lokacin da shekaru ma suke rage shi.

Wannan na ƙashi ya shafe ki ke ma, domin a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada ne ƙashi ya fi saurin zaizayewa. Nono da kindirmo da miyar kuka da riɗi da ƙananan busassun kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna taimakawa, haka tafiya a ƙasa kullum. Ki riƙa auna hawan jini da suga ko ba ki jin komai. Zufa tana tafiya da kanta a ƙarshe, amma bushewar gaba da zafin fitsari da jin ciwo wajen kwanciyar aure sukan ƙaru ne da shekaru, kuma akwai man shafawa mai estrojin da likita yake rubutawa don haka. Ki guji cusa kayan matsi, fatar wurin ta yi laushi yanzu, suna iya tsaga ta. Kafin cikar shekarar ma, idan jini ya zo ya wuce kwana bakwai, ko yana jiƙa auduga duk awa, ko ya biyo bayan kwanciya, ki zo a duba bakin mahaifa, kada ki jira lissafi.

Ki samu kalanda ki rubuta ranar da jinin nan na kwana huɗu ya ɗauke. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, idan Babbar Salla mai zuwa ta wuce, aka shiga kwanakin farko na Muharram ba ki ga komai ba, to kin cika. Idan kuma ya ɓullo kafin nan, ki rubuta ranar da ya zo da ranar da ya tafi da yawansa, ki zo wa ungozomarku da takardar.